Lambobi Uku a Ƙasan Takardar Likita

Duk wanda aka leƙa babban hanjinsa da kyamara, aikin da likitoci ke kira kolonoskofi, ana miƙa masa takardar sakamako. Ido kan tafi kai tsaye ga layi ɗaya: an ga wani abu, ko ba a gani ba? In an rubuta ba a ga komai ba, sai a yi hamdala, a ninke takarda a cusa aljihu, a nufi tasha. Amma a takardar likitan da ya san aikinsa akwai wasu ƙananan lambobi uku da ba kowa ke kula da su ba, misali 2, 3, 3, jimilla 8. Su ne ke faɗin ko wancan "ba a ga komai ba" abin dogaro ne. Da su likita yake ba da shaida a kan kansa: ga iyakar inda idona ya kai, ga inda dauɗa ta tare ni. Wannan shaida ce injiniyoyi da likitoci suka shafe shekaru suna koya wa kwamfuta bayarwa, kuma a ganina tana cikin ayyukan ƙirƙirarriyar basira da suka fi dacewa da mutumin Gwandu ko Kalgo a jihar Kebbi, duk da cewa ba a yi mata ganga kamar sauran ba.

Babban hanji ya kai kusan mita ɗaya da rabi. Yana tasowa daga ƙasan ciki ta dama, ya hau sama, ya gitta ƙarƙashin haƙarƙari, ya sauko ta hagu har dubura. Cikinsa ba sumul yake ba, duk lanƙwasa ne da ninki. Likita na tura wani tiyo mai kaurin yatsa, a bakinsa akwai fitila da kyamara, da ƙofar fesa ruwa, da ƙofar zuƙewa. Abin da yake farauta shi ne tsiro, ɗan ƙullutun da ke fitowa a bangon hanji. Yawancin sankarar hanji daga irin wannan tsiro take farawa, kuma takan ɗauki shekaru kafin ta rikiɗe. Tun 1969 da Hiromi Shinya da William Wolff na asibitin Beth Israel a New York suka nuna ana iya zarge tsiro da siririyar waya a yanke shi ta cikin tiyon, ba tare da an tsaga ciki ba, binciken ya zama magani a lokaci guda. Sai dai ba a yanke abin da ba a gani ba. Tsiro mai milimita 5 ɗan guntun bayan gida ya isa ya rufe shi. Wani nazari da aka yi a Jami'ar Columbia a 2011 ya bi mutanen da aka duba da hanji mai dauɗa, aka sake duba su daga baya, sai aka tarar kaso 42 cikin 100 na tsiron da ke jikinsu ya kuɓuce wa binciken farko.

A ƙasarmu lamarin ya fi haka nauyi, domin mutum ba ya zuwa wannan bincike sai ya ga uwar bari. Jini a bayan gida, a wurinmu, basir ne. Mai magani da lasifika a kasuwa ya riga ya yanke hukunci tun kafin likita ya ga mara lafiya, kuma ana iya shekara ana shan jiƙo da sassaƙe. Sau da yawa basir ɗin ne da gaske. Wani lokaci kuwa ba shi ba ne. Ƙungiyar bincike ta ARGO, wadda Farfesa Olusegun Alatise na Ile-Ife da abokan aikinsa na asibitin Memorial Sloan Kettering suka kafa a 2013, ta daɗe tana nuna cewa masu sankarar hanji a Nijeriya sukan iso asibiti cutar ta riga ta yi nisa, kuma da yawansu ba su kai shekarun masu irinta a Turai da Amurka ba. Wanda ya daure ya tara kuɗi ya kwanta a gadon bincike, wataƙila wannan ce damarsa kaɗai a rayuwa. Bai kamata ta tafi a banza saboda ragowar miyar kuka ba.

Wanke hanji ba baƙon ilimi ba ne a wannan yanki. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke Gwandu, ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addini da jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubutu a kan basir da kuma a kan filasko, ganyen da har gobe ake sha don sakin ciki. Abin da ya bambanta shi ne matsayin tsaftar da ake nema. Mai shan filasko yana son ya ji cikinsa ya yi sakayau. Likita kuwa so yake abin da ke fita a ƙarshe ya zama ruwa garau mai ɗan rawaya-rawaya, ba gari-gari a ciki. A 1980 ne tawagar John Fordtran a Dallas ta fito da ruwan magani mai sinadarin PEG, wanda jiki ba ya tsotse shi, sai ya ratsa hanji ya kwashe abin da ya tarar. Asalinsa lita 4 ake sha, daga baya aka samu nau'o'in da ba su kai haka yawa ba. Babu mai cewa yana da daɗi.

Dabarar da ta fi kowace gyara sakamako ita ce raba maganin gida biyu: rabi da yamma, rabi da asubar ranar bincike. Dalili kuwa, ƙaramin hanji ba ya hutu. Ko an wanke tas da daddare, kafin gari ya waye ya sake zubo wani ruwa mai kauri haɗe da ruwan matsarmama ya shafe ɓangaren dama, can inda shafaffen tsiro, wanda ba ya tasowa sama, ya fi son ɓoyewa. Shi ya sa ƙungiyar masu wannan bincike ta Turai, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce a fara shan rabin ƙarshe cikin awa 5 kafin bincike, a gama aƙalla awa 2 kafin a fara. A takarda wannan abu ne mai sauƙi. Ga wanda zai shiga motar haya daga Gwandu da asuba ciki na murɗawa, lissafi ne babba, kuma nas mai hankali ita ce za ta ce masa ya nemi inda zai kwana kusa da asibiti.

Sai abinci. Takardun umarni da aka kwaikwayo daga waje suna maganar abincin da ba mu ci, sun yi shiru a kan wanda muke ci. Nas ɗin da ta ƙware ita ce ke zama da mara lafiya, ko da matarsa da ke riƙe da tukunya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya: a ajiye zogale da rama da kuɓewa da wake, a ajiye fura saboda dusar gero, a guji gauta da kankana da riɗi domin 'ya'yansu na maƙalewa a bango har su toshe ƙofar zuƙar na'ura. Zoɓo kuma ja ne, a allo sai ya yi kama da jini. Farar shinkafa, wadda Kebbi ba ta rasa ta, da ƙwai da kifi da farin burodi sun halatta har zuwa lokacin da za a koma ruwa zalla. Mai shan ƙwayar ƙarin jini ana dakatar da shi kwanaki kafin nan, don tana baƙanta hanji. Mai ciwon suga, da mai ciwon ƙoda, da tsoho a zafin bazara, kowanne da nasa tsarin da likita zai yi masa. Duk da wannan ƙoƙari, a asibitoci da yawa na duniya kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar yana zuwa hanjinsa bai wanku yadda ake so ba.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Shekaru da dama likitoci da kima suke aiki: wannan ya rubuta "da kyau", wancan ya rubuta "ba laifi", ba wanda ya san ko abu ɗaya suke nufi. A 2009 Edwin Lai da Audrey Calderwood da Brian Jacobson na Boston suka ƙera wa idon mudu. Suka raba hanji uku, dama da tsakiya da hagu, kowane ɓangare da makinsa daga 0 zuwa 3. Sifili shi ne bayan gida mai tauri ya rufe bango, ba ya kawuwa. Ɗaya, ana ganin wani wuri, wani wurin ba a gani. Biyu, akwai 'yan ɓurɓushi da ɗan ruwa mai duhu amma bango ya bayyana. Uku, tas. Abin da ake karɓa shi ne kowane ɓangare ya samu aƙalla 2.

Hikimar ma'aunin Boston tana wuri ɗaya da nake ganin ya cancanci yabo: ba a ba da maki sai bayan likita ya gama iya wankinsa. Ba a tambayar yadda mara lafiya ya zo. Ana tambayar abin da aka iya gani a ƙarshe. Nan ne gwanintar hannu take. Likita yakan kai tiyon har ƙuryar hanji ta dama, sannan ya fara janyowa a hankali, don a fitowa ake duba, ba a shiga ba. Babban yatsansa na hagu na juya ƙafafun da ke lanƙwasa bakin tiyon, sauran yatsu na kan maɓallin iska da na zuƙa, hannun dama na murza tiyon, ƙafa na taka fedar ruwa. Ya fesa, ya zuƙe, ya hura iska bango ya miƙe, ya leƙa bayan kowane ninki, in kumfa ta tare shi ya zuba maganin da ke kwantar da ita. Wani lokaci ya sa a juya mara lafiya, ruwan da ya kwanta ya gangara wani gefe. Wani nazari na 2006 ya nuna likitocin da fitowarsu ba ta gaza minti 6 ba sun fi gano tsiro. Bambancin da ke tsakanin likita da likita a nan ba ƙarami ba ne. Binciken da Douglas Corley ya jagoranta a California a 2014, a kan kolonoskofi fiye da 300,000, ya nuna duk ƙarin kaso 1 cikin 100 a yawan mutanen da likita ke gano wa tsiro yana tafe da raguwar kusan kaso 3 cikin 100 na haɗarin sankara ta ɓullo wa mutanensa daga baya.

To amma mai riƙe da mudun ɗan Adam ne. Yakan rubuta makin ne bayan ya gama, daga abin da ya tuna, wataƙila shi ne mutum na takwas da ya duba tun safe. Ga kuma tausayi. Rubuta 1 maimakon 2 yana nufin a ce wa dattijon da ya sayar da buhunan shinkafa ya biya kuɗin bincike ya dawo cikin shekara guda a sake, alhali mai hanji tas da ba a ga komai ba ana iya ce masa sai bayan shekara 10. Wane likita ne zuciyarsa ba za ta ɗan karkata ba? Ba ƙarya ba ce, rangwame ne, amma tsiron da ke ƙarƙashin dauɗar bai san da rangwamen ba.

A nan kwamfuta ta shigo. Yadda ake koya mata ba sihiri a ciki, wahala ce kawai. Ana tara dubban hotunan cikin hanji, ƙwararrun likitoci su zauna su sa wa kowanne makinsa. Sai a riƙa nuna wa manhajar hoto tana cankar maki. In ta yi kuskure, a ɗan gyara miliyoyin lambobin da ke cikinta, a sake nuna mata wani. Ba wanda ya gaya mata launin dauɗa ko ƙyallin bango mai lafiya da siraran jijiyoyin jininsa. Daga yawan gyara take kama su da kanta. A 2017 masu bincike a Norwe suka fitar da tarin Nerthus, bidiyo 21 mai hotuna 5,525 da aka riga aka sa wa makin Boston, suka bar shi ga duk mai son gwadawa. Babban tsalle kuwa daga Wuhan ya zo, daga asibitin Renmin, inda tawagar Farfesa Yu Honggang ta ƙera tsarin ENDOANGEL. A rahotonsu na 2020, tsarin ya daidaita maki a kusan kaso 93 cikin 100 na hotunan gwaji, ya zarce likitocin da aka gwada shi da su, a bidiyo kuma ya samu kusan kaso 89.

Abin da ya fi burge ni ba waɗannan alƙaluma ba ne, yadda aka warware ƙananan matsaloli ne. Kyamarar cikin hanji tana zubo hotuna da yawa kowane daƙiƙa, kuma wasunsu da dama shirme ne: gilashi ya manne da bango allo ya yi ja, ruwa na fesuwa, hannu ya motsa hoto ya dusashe. Dole a fara koya wa na'ura ta zubar da waɗannan, in ba haka ba za ta ɗauki aikin wanki a matsayin dauɗa. Sannan maimakon maki ɗaya a ƙarshe, tana ba da maki duk bayan daƙiƙa 30 yayin fitowa, tana nuna shi a gefen allo. Likita na ganin 1 ya bayyana, tiyon na nan a wurin, sai ya tsaya ya ƙara wanki. Makin da ake rubutawa bayan an cire tiyo labari ne kawai, wannan kuwa ana iya aiki da shi nan take. A 2021 tawagar Wuhan ta gwada wani sabon salo a kan mutum 616, wanda ke lissafa kason lokacin da bango ya kasance a rufe. Waɗanda na'ura ta ce hanjinsu ya wanku, an gano tsiro a kusan kaso 28 cikin 100 nasu. Waɗanda ta ce bai wanku ba, kusan kaso 16. Da wuya a ce rukuni na biyu sun fi lafiya ne. Dauɗa ce ta ci ragowar.

Akwai reshe na biyu na wannan fasaha, kuma shi ne ya fi kusa da mu, don ba ya buƙatar komai sai wayar hannu. Kafin a shigar da mutum ɗakin bincike nas kan tambaye shi: "Baba, abin da ke fita yanzu, wane launi ne?" Dattijo mai kunya, sa'ar 'yar cikinsa na yi masa irin wannan tambaya, zai sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi, 'yata, ya yi daidai." Ita ma ba za ta matsa ba. Sai an shiga da kyamara gaskiya ta fito. A lokacin annobar korona likitocin asibitin Chang Gung na Xiamen suka gwada wata hanya a kan mutum fiye da 1,400: mara lafiya ya ɗauki hoton abin da ya fita a zuwansa na ƙarshe, ya tura, manhaja ta ce ya isa ko bai isa ba, in bai isa ba ta gaya masa abin da zai ƙara. Sun wallafa a 2022 cewa hukuncinta bai gaza hanyar da aka saba ba. A 2023 likitocin asibitin Zhongshan na Shanghai suka ba da rahoton cewa masu amfani da irin wannan manhaja sun fi zuwa da hanji wankakke. Ka ƙaddara mutum a Gwandu ko Dalijan ya san matsayinsa tun yana da sauran awanni a hannu, ya ƙara shan ruwan magani bisa umarnin likita, ko a ɗaga masa lokaci zuwa yamma. An tsirar da kuɗin mota, da yunwar kwana guda, da gurbin da wani ke jira a layi. Waya kuma ba a jin kunyarta.

Sai dai a yi hattara, na'ura abin da aka nuna mata kawai ta sani. Waɗannan manhajoji sun yi karatunsu ne a kan farin masai na zamani mai ruwa a ciki, ƙarƙashin hasken lantarki. A gidaje da yawa na ƙasar Gwandu masai rami ne, abin da ya faɗa ya tafi, da asuba kuma sai tocila. Ana iya magance wannan da farar roba ko fo da asibiti zai ba mutum tare da maganin, amma sai an sake koya wa manhajar da irin waɗannan hotuna. Haka ma cikin hanjin. Wanda ya daɗe yana shan filasko da danginsa, bangon hanjinsa kan rine ya yi duhu-duhu, abin da likitoci suka daɗe da sani. Likitan Sakkwato ko Zariya da ya saba gani zai gane rini ne. Manhajar da ba ta taɓa haɗuwa da shi da yawa ba, dole a jarraba ta kafin a yarda da makinta. Sannan hoton bayan gidan mutum da na cikin jikinsa sirrinsa ne: ina ake ajiye shi, wa ke gani, duk sai an yi bayani da Hausa an nemi yarda.

Wani gargaɗin daga Poland ya zo a 2025. A asibitoci huɗu da aka sa na'urar da ke nuna wa likita tsiro, sai aka lura idan likitocin suka yi aiki babu ita, yawan waɗanda suke gano wa tsiro ya sauka daga kaso 28 zuwa 22 cikin 100. Wannan a kan gano tsiro ne, ba auna tsafta ba, amma darasin ya shafe mu, mu da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Matashin likita ya fara ba da nasa makin, sannan ya dubi na na'ura, su yi gardama.

Kalgo tana da abubuwa biyu da irin wannan aiki ke buƙata a kusa da juna: babban asibitin jiha, da harabar Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a kan hanyar Bunza. Jihar kuma ba baƙuwa ba ce a fagen yaƙi da sankara. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, an zaɓe ta a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya, UICC, karon farko da wani daga Afirka ya samu wannan matsayi. Ƙera manhajar hoton waya ba ya buƙatar ingarmar kwamfuta. Ɗaliban kimiyyar kwamfuta na iya ɗaukar tsarin da aka riga aka horar su ƙara masa karatu. Abin da ke da tsada shi ne hotunan da makinsu. Nas ta karɓi hoto da yardar mai shi, a goge sunansa, a haɗa shi da makin Boston da aka samu a cikin hanjinsa awanni kaɗan bayan nan. Likitoci biyu ko uku su duba bidiyon kowa shi kaɗai, ba tare da ya ga abin da ɗan'uwansa ya rubuta ba. Inda suka dace a wuce. Inda wannan ya ce 1 wancan ya ce 2, a ware shi gefe, a zauna a kai ranar da babu layi, a mayar da bidiyon baya har sai an daidaita ko bangon ya bayyana ko bai bayyana ba, sannan a miƙa wa na'ura.